An ce sankara ta tafi, to me ya hana Baffa haɗiye ruwa?

Wanda ya taɓa jinyar mai sankarar baki ko ta maƙogwaro a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ya san wannan rana. An dawo daga kudu bayan wata biyu ko uku, takardar likita ta ce ƙarin ya tafi, gida ya cika da 'yan barka. Bayan magariba aka kawo akushi. Mai gida ya yanki loma ɗaya, ya yi ta juya ta a baki ta ƙi wucewa, ya kurɓi ruwa don ya tura ta, sai ya sarƙe har idanunsa suka kawo ruwa. Da tarin ya lafa ya ce wani abu, ɗiyar ƙanensa ta waiga wajen matarsa ta ce, "Inna, me Baffa ya ce?"

Daga nan zance ke rabuwa. Wani ya ce ciwon bai tafi ba, likitoci ne suka ɓoye. Wani ya ce ƙona shi aka yi wajen gashi, wato ƙone ƙari da hasken na'ura. Goggo ta ce wannan da hannun mutum a ciki. Akwai ma mai cewa tsirfa ce, ya saba da lallashin gadon asibiti. Duk shekara idan 4 ga Fabrairu ta zagayo, ranar yaƙi da ciwon daji ta duniya, za ka ji ana ta kiran mutane su je asibiti da wuri, kuma kira ne mai kyau. Sai dai da wuya ka ji an taɓo abin da ke biyo bayan magani: mutum ya tsira da ransa, ya dawo gida ba ya iya ci cikin jama'a, ba ya iya amsa waya. Me ke jawo haka? Kuma ta yaya ake auna shi har a bambanta wanda ke cikin haɗari da wanda lokaci kawai yake bukata?

Warkewa kashi biyu ce

Idan likitan daji ya ce an warke, nufinsa ya duba da ido, ya lalube wuya, ya kalli hoto, bai ga sauran ƙari ba. Hukunci ne a kan ciwon, ba a kan wurin da ciwon ya zauna ba. Gobara aka kashe, amma ɗakin yana nan yadda wuta ta bar shi, har da ɓarnar ruwan da aka kashe ta da shi.

Wurin ƙarami ne, aikinsa ne da yawa. Leɓe, harshe, dasashi, ganɗa, hanɗa da belinta, bayan hanci, maƙoshi, sai maƙwallato, wato akwatin murya da ke bayan zakaran wuya. Ta nan ake numfashi, ta nan ake ci da sha, ta nan ake magana. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu sankarar leɓe da baki kusan 390,000 a shekarar, masu ta maƙwallato kusan 189,000. Taba, ta busawa da ta ƙunsawa a baki, da giya su ne kan gaba wajen jawo ta.

Magani uku ake haɗawa: tiyata, gashi wanda a takarda ake rubuta radiyoterafi, da ruwan maganin da muka fi sani da shimiyo. Shekara da shekaru, wanda aka rubuta wa gashi a arewa kudu yake nufa: mota zuwa Ngawundare, jirgin ƙasa ya kwana da shi zuwa Yawunde, da yawa su zarce Duwala. Na 'yan'uwanmu na Cadi ya fi nisa. A Fabrairun 2022, da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙaddamar da shirinta na samar da na'urorin gashi, Cadi na cikin ƙasashe 7 na farko da aka sa, domin a lokacin babu na'urar a ƙasar. Wannan nisa yana cikin matsalar. Likitan da ya yi gashin yana can, majinyaci yana nan, kuma wahalar haɗiya ta fi fitowa fili bayan an dawo gida, lokacin da guzuri ya riga ya ƙare.

Tsakanin loma da ciki

Hanya biyu ce a wuya, ta iska a gaba, ta abinci a baya, mashigarsu kuma ɗaya. Kamar inda layin dogo ya ratsa titi ne, dole a sauke shinge kafin jirgi ya wuce. Haƙora su niƙa, yawu ya jiƙa, harshe ya dunƙule loma ya tura ta baya. Hanɗa ta ɗaga ta toshe hanyar hanci. Maƙwallato ya hau sama ya matso gaba, tantaninsa ya rufe, wani ɗan murfi ya kifu a kansa, numfashi ya tsaya kamar daƙiƙa guda, ƙofar maƙoshi ta buɗe, loma ta wuce. Ɗora yatsa a zakaran wuyanka ka haɗiyi yawu, za ka ji hawan. Tsoka fiye da 30 ke wannan aiki, sau ɗaruruwa a yini, kuma kowace sai ta zo a kan lokacinta. Idan ɗaya ta makara, abin da aka nufa da ciki sai ya bi ta huhu.

Sawun da kowane magani ke bari

Tiyata ɓarnarta a fili take. An yanke rabin harshe, loma ba ta da mai juya ta. An cire wani yanki na ganɗa, ruwa ya riƙa fitowa ta hanci. An cike gurbi da naman da aka ɗebo daga ƙirji ko hannu, ya toshe rami, amma ba ya motsi irin na harshe kuma ba ya jin abin da ke kansa. Iyali kan ga wannan tun ranar farko, kuma yawancinsa yana sauƙi idan an koya wa mutum dabara.

Gashi ne mai wayo. Ana yin sa zama 30 zuwa 35, kwana biyar a mako, tsawon mako 6 zuwa 7. Daga mako na biyu ko na uku cikin baki ke saɓulewa, haɗiye yawu ya zama aiki, ɗanɗano ya gudu har zuma ta koma kamar ƙasa. Wannan yakan lafa 'yan makonni bayan an gama. Wanda ba ya saurin tafiya shi ne bushewar baki. Lafiyayyen mutum yana samar da yawu rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Idan hasken ya bi ta kan ƙullutan da ke samar da shi, a gaban kunne da ƙarƙashin haɓa, sai ya ragu ya yi kauri kamar ƙaro, wani ma ba ya dawowa yadda yake har abada. A garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, ga hunturu da ƙurarsa, ba sai an faɗa ba. Yawun ne kuma ke kare haƙora, shi ya sa suke saurin ruɓewa bayan gashi.

Sai ƙandarewa, wadda ta fi rikita mutane. Naman da aka gasa yakan yi tabo daga ciki, sannu a hankali, wata shida, shekara, wani lokaci shekara 5 ko fiye. Wuya ya yi tauri kamar ƙirgi, zakaran wuya ya rage hawa, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, jijiyoyin ji su dushe. Shi ya sa za ka ga mutum ya dawo yana cin tuwonsa lafiya lau, bayan shekara biyu ya fara sarƙewa, a ce ai ga shi ciwo ya dawo. Yana yiwuwa ya dawo ɗin, kuma dole a duba. Amma sau da yawa tsohon gashin ne ya zo karɓar bashinsa. Shimiyo idan an haɗa shi da gashi yana ƙara masa ƙarfi a kan ƙari, yana kuma ƙara masa zafi a kan lafiyayyen nama.

Tari mai gadi ne

Nan ne aka fi yin kuskure. Iyali suna tsorata da mai tari, suna murna da wanda ya shanye kofi shiru. Tari kuwa alama ce cewa wurin yana da sauran ji, abin da ya kauce hanya an ji shi, an koro shi. Wanda ya fi ba likitoci tsoro shi ne wanda ruwa ke zarcewa huhunsa ko gezau bai yi ba, saboda jin wurin ya mutu. Alamunsa a kaikaice suke zuwa: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, kaki, rama, muryar da ke fitowa kamar ta mai kurkure maƙogwaro bayan ya sha ruwa. A nan kuwa mun san yadda ake yi. A fara da maganin zazzaɓin sauro, a koma na taifot, a kai kaki gwajin tibi. Ba mai tambayar abin da ke faruwa a bakin akushi, har ciwon huhu ya kwantar da mutum.

Kuma ruwa, da ake ganin ya fi komai sauƙi, shi ya fi gudu. Ga wanda shingen hanyar iskarsa ke makara, ruwa ya fi kunu haɗari. Don haka ɗura, a kwantar da majinyaci a tallafe kansa a riƙa zuba masa ruwa ko rubutu don tausayi, tana cikin mafi munin abin da za a yi masa. Zaune zai sha, a miƙe, da hannunsa, kurɓi ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ake aunawa

Aikin na mutum biyu ne: likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda muke cewa ORL, da ortofonis, masanin gyaran magana da haɗiya. Na biyun ba su da yawa a ƙasar nan, akasarinsu kuma suna manyan biranen kudu. Amma rabin awon ba ya bukatar komai sai kunne, ido, sikeli da ƙaramin kofi.

Ana fara shi da tambaya. Me kake ci yanzu, me ka daina ci? Minti nawa kwano ɗaya ke ɗaukarka? A ina abinci ke maƙalewa? Akwai takardun tambaya da aka tsara don kada a manta komai. Ɗaya, EAT-10, ta fito a 2008: tambaya 10, kowace maki 0 zuwa 4, wanda ya haɗa 3 ko fiye sai a zurfafa bincike. Wata mai tambaya 20 an tsara ta a 2001 a cibiyar MD Anderson ta Amurka, musamman don masu sankarar kai da wuya, tana tambaya har da kunya da ɓacin rai. Sai sikeli. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata guda, ko kashi 10 a wata shida, ba rama ce ta a ce "zai murmure" ba.

Sai dubawa. A ce ya fiddo harshe, ya kai shi dama da hagu, ya hura kumatu, ya yi tari da ƙarfi. A duba ko akwai fararen tabo kamar ragowar kindirmo a harshe, domin wannan cuta ce mai magani mai sauƙi kuma tana hana haɗiya. A auna buɗewar baki tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Milimita 35 ko ƙasa da haka ana ɗaukarsa a matsayin ƙagewar muƙamuƙi. A gida ana kwatanta shi da yatsu: idan yatsun mutum uku a jere ba su shiga a tsaye ba, da magana. Daga nan a ba shi ruwa, cokali tukuna, in ya wuce lafiya a ba shi mililita 100 ya shanye, ana ƙirga daƙiƙa, ana ƙirga haɗiya, hannu na kan wuyansa, sannan a ce ya yi magana a ji muryar. Wannan gwaji na ma'aikacin lafiya ne, ba na gwadawa a tsakar gida ba.

Duk wannan daga waje ake hasashe, kuma sarƙewar ɓoye takan tsere masa. Gani ya kori ji, hanyar ganin kuwa biyu ce. Ta farko siririn bututu ne mai kyamara da ake zurawa ta hanci ya leƙa maƙoshi daga sama, a ba mutum abinci da aka rina da shuɗi ko kore, a ga inda ya bi da inda ya taru. Wata masaniya Ba'amurkiya, Susan Langmore, ita da abokan aikinta suka bayyana hanyar a 1988. Bututun shi ne dai wanda likitan ORL ke duba maƙogwaro da shi, don haka a ganina ita ce ta fi dacewa da mu, ko a bakin gado ana yi. Ta biyu hoton ƙashi ne mai motsi: a cuɗa abinci da wani farin gari, bariyom, a ɗauki bidiyon tafiyarsa daga leɓe har ya wuce maƙoshi. Ta fi nuna dalilin matsala, amma sai da ɗakin hoto na musamman. Abin da aka gani ana ba shi lamba a wani ma'auni na 1996 mai hawa 8. Hawa na 1, ba abin da ya shiga hanyar iska. Na 8, ya wuce tantanin murya kuma mutum bai ko yi yunƙurin koro shi ba.

Amfanin gwajin bai tsaya ga gano laifi ba. Nan take ake gwada dabara a ga ko ta yi aiki: sunkuyar da haɓa, juya kai zuwa ɓangaren da ya raunana, riƙe numfashi kafin haɗiya sannan a yi tari bayanta. Dabarar da ta ceci wani tana iya cutar da wani, shi ya sa ba a aron ta a wajen maƙwabci.

Abu guda da masu wannan fanni suka daɗe da lura da shi: abin da majinyaci ya faɗa da abin da na'ura ta nuna ba kullum suke haɗuwa ba. Wani ya rantse lafiyarsa ƙalau, kyamara ta nuna ruwa na gangarawa huhu. Wani na'ura ta wanke shi, shi kuwa ya daina zuwa walima don baki ya bushe, loma ɗaya sai da kurɓi uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma akwai yoyon da ke cikin bango. Dole a ji duka biyun.

Ma'aunin da bai san tuwo ba

Waɗannan takardu an rubuta su ne don masu cin wani irin abinci a wani irin zama. Akwai wani sanannen ma'auni na 1990 da ke jera abinci daga 0 zuwa 100. A asalinsa gyaɗa tana hawa na 90, nama na 80, ɗanyen karas na 70, busasshen burodi na 60. To ina tuwon dawa zai zauna? Ba a tauna shi, amma yana da danƙo, kuma ga wanda gindin harshensa ya raunana zai iya maƙalewa a maƙoshi ya jira har sai an ja numfashi. Miyar kuɓewa, kuka da lalo, da santsinsu, gata ne ga mai busasshen baki, kusan aikin yawu suke yi masa. Dambu da duk wani abu mai warwatsewa wahala ne. Kilishi da soya sun haɗa tauri da bushewa da yajin da ke ƙona sabon nama. Wadda ta fi yaudarar masu jinya ita ce fura da nono mai gaya. Ana ganinta abincin marar lafiya, alhali ruwa ne da gudaji a haɗe: baki na fama da gayan, ruwan ya riga ya gangara. A dama ta ta yi sumul, kaurinta ya zama ɗaya, sai ta koma abinci mai kyau. Kunun gyaɗa ma suna ɗaya ne amma kauri goma, na wani gida ana sha, na wani sai da cokali. Akwai tsarin duniya mai hawa 0 zuwa 7 na auna kaurin abin sha da laushin abinci, kuma ba abin da zai hana ma'aikatanmu su jera kunu, koko, fate da tuwo a kansa.

Haka tambayar da ma'aunin nan na 1990 ke yi a kan cin abinci cikin mutane. A takarda gidan cin abinci ake nufi. A wurinmu akushi ɗaya ne a zaure, suna, ɗaurin aure, buɗa-baki a ƙofar masallaci. Dattijon da yawu ke zubo masa ko abinci ke fito masa ta hanci ba zai faɗa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Cewa zai yi ya ƙoshi, a kai masa nasa ɗaki. Idan likita ya tambaye shi ya jiki, "Alhamdu lillahi, da sauƙi" zai ji. Tambayar da ke fiddo gaskiya ita ce: "Alhaji, da wa kake cin abinci yanzu?" Kuma a tambayi uwargida, ita ke ɗauke kwanon.

Magana: abin da jimlar Faransanci ba za ta kama ba

Murya daban, lafazi daban. Murya daga tantanin maƙwallato take, lafazi aikin harshe, leɓe da hanɗa ne. Don auna murya akan ce mutum ya ja numfashi ya riƙe "aaa" iya ƙarfinsa. Babban mutum da bai kai daƙiƙa 10 ba, iska na zurarewa. Sai a saurari ko ta dishe, ko tana huci, ko da ƙyar ake matso ta. Lafazi kuwa wurin yankan ne ke faɗin harafin da zai ɓata. Bakin harshe ya tafi da t, d, s, r, l. Gindinsa ya tafi da k da g. Hanɗar da ba ta rufewa ta sa komai ya bi ta hanci.

Matsalar ita ce a asibitocinmu da Faransanci akan gwada, mutum ya maimaita jimla biyu a ce ba laifi. Hausa tana da kayan da Faransanci bai da su. Ƙ da ts, rufe maƙwallato ake yi a ɗaga shi sama kafin su fito. Ɓ da ɗ ma da taimakonsa ake yin su, kuma Fulatanci da muke yini cikinsa yana da su. Wuyan da ya ƙandare, ba abin mamaki ba ne ya mai da ƙafa kafa, baƙi baki, tsara sara, ɗaki daki. Sannan ga karin sauti, wanda ba ma rubutawa amma da shi muke gane juna. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar rayuwa hawa da saukar murya ne suka raba su. Haka kukan yaro da kukar miya. Wanda muryarsa ta koma layi ɗaya zai iya fiddo kowane harafi daidai kuma a kasa gane shi.

Don haka awon gaskiya mai sauƙi ne. A rubuta irin waɗannan tagwayen kalmomi, majinyaci ya faɗe su a ɗauka a waya, a kunna wa wanda bai san shi ba ya faɗi abin da ya ji. Ba matarsa ba, ita ko gyaran murya ya yi ta san abin da yake so. A sake ɗauka bayan wata uku a kwatanta. A kuma tambayi sana'arsa. Dishewar da manomi zai zauna da ita lafiya, ga ladan, ko malamin allo, ko dillali a kasuwar shanu, ita ce ƙarshen abinci. Mai karatun Alƙur'ani kuma yana da nasa awon da ya fi na kowa tsanani, haruffan maƙoshi shida da ya koya tun yana yaro, shi zai fara jin wanda ya kuɓuce masa.

Waɗanda aka cire wa maƙwallato gaba ɗaya lissafinsu daban ne. Ta ƙofar da aka huda a gindin wuya suke numfashi, an raba hanyar iska da ta abinci, don haka ba sa sarƙewa irin ta sauran. Sun rasa murya, jin ƙanshi ya ragu, kuma ruwan wanka da ƙurar hunturu kai tsaye suke shiga, dole a rufe ƙofar da ƙyalle mai tsabta. Hanyar magana uku ce gare su: koyon fiddo sauti daga maƙoshi da iskar da aka haɗiya, ko 'yar na'ura mai batir da ake dannawa a wuya, ko ɗan bawul da ake dasawa tsakanin hanyoyin biyu, wanda aka fara a 1980. Na'urar mai batir, irin da aka fi samu, sautinta ɗaya ne ba hawa ba sauka, ka ga inda mai Hausa zai sha wuya. Tsoron tiyatar cire maƙwallato ya sa aka nemi mafita, kuma a 1991 wani babban gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna shimiyo da gashi na iya barin maƙwallato a wurinsa ga kusan biyu cikin uku na masu ciwo mai nisa. Daga baya aka gane barin gaɓa a wurinta daban, barinta tana aiki daban. Wannan yana cikin abin da ya tilasta wa likitoci su fara auna haɗiya da murya da gaske.

Inda ra'ayi ya saɓa

Robar abinci, ta hanci ko ta ciki, iyalai na ƙinta, suna ganin alamar an fid da rai ce. Ba haka ba ne, gada ce ga wanda ke ramewa. Amma su ma likitoci ba su haɗu a kan lokacin sa ta ba. Wasu na son a sa tun kafin gashi don kada mutum ya zube. Wasu na cewa a jira, domin maƙoshin da ya daina aiki makonni yakan ƙandare. Abin da aka fi yarda da shi shi ne ko da roba, a ci gaba da haɗiye wani abu ta baki gwargwadon abin da likita ya yarda, ana kuma motsa harshe da muƙamuƙi kullum tun ana cikin gashi. Shi ya sa awon farko kafin a fara magani ya kamata a yi shi, don a san daga ina aka tashi.

Haka batun kaurara ruwa. Yana rage sarƙewa a gaban kyamara, amma mutane da yawa ba sa son sa, sai su rage sha, kuma ƙishirwar Afrilu ba ta wasa. Wasu masana na barin tsabtataccen ruwa tsakanin abinci bayan an wanke baki sarai, tunda ƙazantar baki ce ke mai da ɗan ruwan da ya zarce ya zama ciwon huhu. Na azumi kuwa, marar lafiya yana da rangwame a nassi, kuma mai busasshen baki da ke ramewa ya haɗa likitansa da malaminsa kafin ya ɗauka.

Kafin a koma wajen likita

Abu biyu ne nake roƙon masu jinya su kiyaye, don na ga inda suka kai mutane. Kada a kai wanda aka gasa wajen wanzami a ce beli ne ya sauko. Kada kuma a cire masa haƙori a ko'ina ba tare da an faɗa cewa an taɓa yi masa gashi ba, ko da shekara goma ne. Naman da ƙashin wurin jini bai isar musu kamar da, rauni kaɗan zai iya ƙin warkewa har ƙashin muƙamuƙi ya ruɓe.

Sauran aikin littafin makaranta ɗaya ya isa: nauyi duk mako biyu, yatsu nawa ke shiga baki, abin da aka ci da wanda aka bari, ranakun zazzaɓi, da muryar da aka ɗauka a waya. Da shi za a je ganin likita, ko da na kusa ne ba na kudu ba. Akwai kuma abin da ba a jira ranar da aka rubuta a kati, domin yawancin dawowar ciwon cikin shekara biyu zuwa uku na farko take faruwa: gyambon baki da ya wuce mako uku, sabon ƙullutu a wuya, jini a yawu, numfashi mai ƙara, haɗiyar da ta lalace cikin 'yan makonni bayan ta daidaita, da kunne ɗaya da ke ciwo alhali an leƙa cikinsa ba a ga komai ba.